Me Ke Hana Wasiƙar Ofis Isa Hannun Mai Ita?

A da, ofisoshin gwamnati da ke arewacin Kogin Kaduna sukan aiki masinja da buhun wasiƙu zuwa babban gidan waya na titin Yakubu Gowon. Yau shafin ofis na intanet ne ke aika saƙon imel. Amma sau da yawa ɗalibi zai cike takardar neman gurbin karatu, ya zuba ido, shiru, har lokaci ya ƙure.

Galibi laifin ba na akawu ba ne. Shafin da aka gina da WordPress yakan aika wasiƙa kai tsaye daga kwamfutar da ke ɗauke da shi, ba tare da shaidar mai aikowa ba. Tun daga watan Fabrairu na 2024 kuwa, kamfanonin Google da Yahoo suka tsananta, suna jefa irin waɗannan wasiƙu cikin shara ko su mayar da su.

Maganin shi ne a ɗora wa shafin wata ƙaramar manhaja, kamar WP Mail SMTP, wadda ke miƙa wasiƙar ga amintaccen gidan waya na waje bisa ƙa'idar SMTP da aka kafa a 1982. Ma'aikaci zai rubuta sunan gidan wayar, da lambar ƙofa 587, da kalmar sirri. Ga mai Gmail, sai an yanko kalma ta musamman mai harafi 16. Ta yau da kullum ba ta shiga. Daga nan a buga hatimin SPF da DKIM a rajistar sunan shafin, sannan a aika wasiƙar gwaji kafin a buɗe wa jama'a.