Itacen Takarda: A More Shi, Amma Kada A Dasa Shi

Manoman da ke noma a kurmin ƙasar Ghana, musamman wajajen Ashanti, sun san wani itace da ake kira York. Asalinsa daga gabashin Asiya ne. An kawo shi Ghana a 1969 domin a gwada yin takarda da shi, amma sai ya ƙetare inda aka dasa shi. Bayan gobarar daji ta 1983 ya bazu cikin gonaki ƙwarai.

Gane shi ba wuya. Ganyensa yana da kaushi da gashi-gashi, kuma a itace guda za ka ga wani ganye shafaffe, wani mai yatsu. In ka karya reshe sai farin ruwa ya fito kamar nono.

Amfaninsa yana cikin ɓawo. A Sin da Japan da Koriya ana turara rassan, a saɓule ɓawon, a kankare bayansa, a dafa na cikin da ruwan toka, a daka, kana a shimfiɗa ya bushe ya zama takarda mai ƙarfi. Mutanen Tonga da Fiji kuwa bugunsa suke yi har ya yi faɗi su sami mayafi. Kai ma kana iya saɓule ɓawon ka ɗaure itace ko damin kaya. Awaki da tumaki suna cin ganyen, itacen kuma ya yi girki, ko da yake ba ya jimawa a murhu.

To, ga inda matsalar take. Akwai namiji akwai mace. Macen ke yin 'ya'ya jajaye, tsuntsaye da jemagu su sha su watsa irin ko'ina. Saiwarsa kuma tana bin ƙarƙashin ƙasa tana fid da sabon toho. In ka sare shi ka bar kututture, rassa da yawa za su fito maimakon ɗaya, su shanye wa masara da rogo da ƙananan koko haske da ruwa.

Saboda haka a tuge shi tun yana ƙarami, da saiwarsa, lokacin da ƙasa ke da danshi. Manya kuwa a fara sare matan kafin su yi 'ya'ya, a riƙa komawa ana fasge tohon a kai wa dabbobi. Kada a dogara da wuta, don fili ƙonanne mai rana shi ya fi so. In ya riga ya cinye gona, a nemi malamin gona.