Kifin Murjani a Kudancin Kaduna

Mutumin Barnawa ko Kakuri ko Narayi, wanda ya tashi yana ganin masunta na fito da tarwaɗa da karfasa daga Kogin Kaduna, in aka ce da shi akwai kifin da ake saye da kuɗi masu yawa ba domin a ci ba, sai domin a zuba masa ido kurum cikin akwatin gilashi, lalle ya ɗauka ba'a ake yi masa. Alhali kuwa wannan sha'awa ta daɗe a duniya, kuma cikin kifayen tekun da ma'abotanta ke nema akwai wani dangi mai ban al'ajabi, wanda masana suka sa wa suna Labridae, 'yan kasuwar kifin ado kuwa ke kira ras. Jinsinsu ya haura 600, mafi yawansu suna zaune ne a duwatsun murjani, daga Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke gani a Jidda, har zuwa tsibiran Indunisiya da Filifin, inda akan kamo galibin waɗanda ake sayarwa.

Shaida shi ba ta da wuya ga mai lura. Leɓensa mai kauri ne, haƙoran gaba a turo suke, jikinsa dogo, kuma ba da wutsiya yake iyo ba, da fikafikan gefe yake tuƙa kansa. Launi kam shi ne abin da ba a dogara da shi, domin ƙaramin yakan saɓa wa babban har mutum ya rantse ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira Coris gaimard, ja wur da ɗigon fari yana ɗan mitsitsi, wanda in ya girma sai ya rikiɗe ya doshi santimita 40, ya riƙa kife duwatsu yana cin duk wani ɗan kaguwa da ya samu. Babban yayansu ma, Cheilinus undulatus, yakan kai mita 2, kuma tun bayan da aka amince a 2004 a sa shi ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji, ba a fataucinsa tsakanin ƙasashe sai da izini.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Labroides dimidiatus, wanzamin teku, ɗan siriri mai baƙin zane daga baki har wutsiya, wanda manyan kifaye ke zuwa wurinsa su buɗe baki ya shiga ya tsince musu ƙwari, ba su kuwa haɗiye shi ba. A 1972 wani masani, Ross Robertson, ya bayyana cewa in namijin garken ya mutu, babbar matar cikinsu ce ke juyewa ta zama namiji, ta riƙe gidan. A 2019 kuma Masanori Kohda na Osaka, a Japan, ya ba da rahoton cewa kifin nan in an ɗiga masa alama a wuya, ya gan ta a madubi, sai ya je ya goge ta a kan yashi. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci! Duk da haka, a ra'ayina, kada mai farawa ya saye shi, saboda abincinsa a jikin wasu kifaye yake, kuma da yawa yunwa ke kashe su a tsare. Mai zane shida, Pseudocheilinus hexataenia, ya fi shi juriya nesa ba kusa ba, sai dai mafaɗaci ne, don haka shi ake sawa daga ƙarshe.

Kafin saye, wajibi ne mutum ya tambayi yadda kifin ke kwana. Wasu, irin su Halichoeres, cikin yashi suke nutsewa da magariba, sai a shimfiɗa musu mai laushi kamar santimita 5 ko fi. Wasu kuwa, irin su Cirrhilabrus, yauƙi suke lulluɓe kansu da shi a kogon dutse. Dukansu gwanayen tsalle ne, akwatin da ba murfi kuwa ajalinsu ne.

To, a nan Kaduna, babbar mas'ala ba kifin ba ce, ruwan ne da wutar lantarki. Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka harhaɗa musamman, a zuba kimanin giram 35 a kowace lita ta ruwan da aka tace, domin na famfo yana da sinadarin kulorin, na rijiya kuwa ba a san abin da ya kwaso ba. Sa'an nan a bar akwatin yana aiki mako 4 zuwa 6 babu kifi, har ƙwayoyin halittar da ke warware dafin kashinsa su yaɗu. Zafin ruwan kada ya fita daga digiri 24 zuwa 27, ga shi kuwa a watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan wuce 35, a hunturu kuma sanyin asuba ya sauko, busasshiyar iska ta riƙa shanye ruwan tana barin gishirin, shi ya sa ciko da ruwan daɗi ake yi, ba da na gishiri ba. In aka ɗauke wuta famfon da ke juya ruwan akwatin ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan takan ƙare cikin 'yan sa'o'i.

Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya tsare dabba, ciyar da ita da kiyaye lafiyarta sun hau kansa. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ba ka da sola da batirin da za su riƙe famfo dare da rana, ka haƙura da kifin teku, ka fara da na ruwan daɗi tukuna.