Ɗan Bida, Ka Lissafa Kuɗin Waya Tun Kana Gida

An gama girbi a ƙasar Kurfai. Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu. Yanzu tashar Filinge ta cika da samari. Daga Luma, daga Shikal, daga Tukunus, kowa da jakarsa a kafaɗa. Wasu Yamai za su tsaya, tafiyar kilomita wajen 180. Wasu kuwa Yamai zango ce kawai. Daga can sai Abijan, ko Kumasi, ko Lome, ko Ikko.

Kafin mota ta tashi, maganar uwa ɗaya ce: "Ɗana, in ka sauka ka kira."

A zamanin iyayenmu, ɗan bida wasiƙa yake aikowa. Sai a nemi mai karatu ya karanta. Daga baya aka koma aiko da kaset ta hannun direba. Labari yakan yi wata guda a hanya. Yau salula ta kawo sauƙi. Amma sauƙin nan yana da kuɗi, kuma kuɗin yakan canza da zarar ka tsallake iyaka. Wanda bai yi lissafi ba, waya za ta cinye abin da ya je nema.

Hanyoyi uku ne gaban matafiyi. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko: tafiya da layin gida

Layin da ke cikin wayarka na kamfanin Nijar ne: Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecoms. Rezonsu iyakarsa Nijar. In ka shiga wata ƙasa, layinka yakan sauka baƙo wurin kamfanin can. Wannan shi ake kira romin.

Makiyayi ya san wannan magana. In ka kai shanunka rijiyar da ba taka ba, ba za su sha kyauta ba. Haka layi yake. Kamfanin can yana karɓar kuɗin masauki, kamfanin nan kuma ya cire daga kuɗinka. Kira ya yi tsada. Mega ta fi tsada. A wasu ƙasashe ko kiranka aka yi ka ɗauka, sai an cire maka wani abu.

An samu sauƙi ta wani gefe. Ranar 21 ga watan Nuwamba 2024, a Yamai, hukumomin kula da sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a kan yarjejeniya ta cire ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashen uku. Amma ku lura, wannan na ƙasashen AES ne kaɗai. Gana da Kodebuwa su ma sun yi irin tasu a 2023, ƙarƙashin tsarin Sedeyawo. Waccan ta layukansu ce, kuma Nijar ta fita daga Sedeyawo ranar 29 ga Janairu 2025. Don haka mai zuwa bakin teku ya tambayi kamfaninsa farashi tun yana gida. Matambayi ba ya ɓata.

Makiyaya masu kiwo kusa da iyaka, ku ma ku kula. Waya takan kama rezon maƙwabta da kanta, alhali kana tsaye cikin Nijar. Ka riƙa duba sunan da ke rubuce a saman wayarka kafin ka kira.

Hanya ta biyu: sayen layin ƙasar da ka sauka

Wannan ita ce hanyar da ƴan bida suka saba da ita. Ka sauka, ka sayi layin can, ka biya farashin da ɗan ƙasa yake biya. Sai dai ba a sayar da layi yanzu sai da takarda. Ka riƙe katin shaidarka ko fasfo. A Nijeriya, tun watan Disamba 2020 hukuma ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar shaida da ake kira NIN. A Saudiyya, alhaji yana nuna fasfo ya dangwala yatsa kafin a ba shi layi.

Kada ka sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wanda ba ka sani ba. Ranar da aka rufe shi, ba ka da bakin magana. In kuma an taɓa yin ɓarna da shi, kai za a kama.

Hanya ta uku: eSIM, layin da ba a gani

Wannan ita ce sabuwa, kuma samari sun fara jin labarinta cikin waya. Layin da muka sani ɗan kati ne da ake zurawa cikin salula. Shi eSIM ba a zura shi. An gina wurinsa cikin wayar tun daga masana'anta. Kana sayensa ta intanet. Mai sayarwa ya aiko maka wani zane mai kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ka haska shi da idon wayarka, sai layi ya shiga. Wayoyin iPhone sun fara zuwa da shi a 2018. A 2022, iPhone 14 da aka sayar a Amurka ba ta da ma ramin kati.

Akwai kamfanonin waje, irin su Airalo da Holafly, masu sayar wa matafiya mega ta wannan hanya. Amfaninsa a fili yake. Kana iya sayensa tun kana gida. Kana sauka yana kamawa. Ba bin layi a kanti, ba neman wanda zai yi maka tafinta. Layinka na gida kuma yana nan cikin wayar.

To, amma kafin ka yi murna, ga abubuwa huɗu.

Na ɗaya, ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannunmu ba su da shi. Ga yadda za ka gane: buga *#06#. In ka ga wata doguwar lamba mai suna EID, wayarka tana ɗauka. In ba ka gani ba, kada ka ba kowa ko dala.

Na biyu, yawancin eSIM na matafiya mega ce zalla. Ba su da lambar kira. Za ka yi magana ta WhatsApp da wanda yake da babbar waya. Amma tsohuwarka da ke ƙauye da ƙaramar salula ba za ka same ta ba. Mai neman ɗan aiki a Abijan ma ba zai sami lambar da zai kira ka ba.

Na uku, ba a biya da tsabar kuɗi. Yawanci sai da katin banki mai aiki a intanet. In ba ka da shi, sai ka bi ta hannun wani, shi ma ya ɗora ladarsa. Nan ne ƴan damfara suke samun ƙofa.

Na huɗu, yana da wa'adi. Wani kwana 7, wani 15, wani 30. Wa'adi na cika, sauran megarka ta tafi. In kuma ka share shi daga waya bisa kuskure, sau da yawa ba ya sake shiga.

Dalarsu ba dalarmu ba ce

Jama'a, nan ne wurin da ya kamata a buɗe ido. Farashin eSIM da kuɗin waje ake rubuta shi. In ka ji an ce dala 5, kada ka ɗauka dalarmu ce ta kasuwa. Dalarmu sefa 5 ce. Dalar Amurka guda kuwa a 2025 ta fi sefa 500, wato ta fi dalarmu 100. Yuro guda, kuɗin Turai, sefa 656 ne in an cika, kuma shi ba ya hawa ba ya sauka gaban sefa.

Mu buga misali don koyon lissafi. A ce mai sayarwa ya nemi Yuro 5 kan giga 1, wato mega wajen 1,000, na kwana 7. Yuro 5 sefa 3,280 ke nan: jikka 3 da dala 56.

Ɗan kasuwa da zai je saro kaya ya dawo cikin mako guda, sau ɗaya zai saya. Wannan bai yi asara ba. Ya huta da wahala, kuma lokacinsa kuɗi ne.

Amma ɗan bida da zai yi wata 5 fa? Wata 5 ya kai mako 21. In kowane mako zai sake saye, 3,280 sau 21 ya zama sefa 68,880. Kusan jikka 69! Ka je kasuwar Filinge ka tambaya tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai auna. Ka tuna da watan da rumbu ke yin ƙasa, ana noma ciki ba komai. Sa'an nan ka yanke shawara.

Ashe ke nan eSIM guzurin gajeriyar tafiya ne. Mai daɗewa, layin ƙasar da ya sauka ya kamata ya fara tambaya. Alhaji da zai yi kusan wata guda a ƙasa mai tsarki, shi ma ya gwada farashin biyu kafin ya zaɓa.

Tambayoyi huɗu kafin ka biya

Mega nawa ce? Kwana nawa za ta yi? Akwai lambar kira ko babu? Sefa nawa ne duka, har da ladar mai saya maka? Wanda ya kasa ba ka amsar waɗannan, riƙe kuɗinka.

Ko wace hanya ka bi, mega kamar ruwan salka ce a tafiyar rani. Saƙon murya kaɗan yake sha. Kiran murya ya fi shi. Bidiyo kuwa tuttular da ita yake yi. In ba ka amfani da intanet, kashe shi. Ba sai ka canza lambarka ta WhatsApp don ka sa sabon layi ba. Ta gida tana ci gaba da aiki. Shi kuma layin gida kada ka yar da shi cikin jaka har wata da watanni. Kamfani yakan rufe layin da ya daɗe bai motsa ba, ya ba wani lambar.

Ka rubuta lambobin gida a takarda, ka sa 227 a gabansu, domin ita ce lambar Nijar. Waya takan ɓata, takarda tana aljihu. Mutanen gida su ma su sani: ta Kodebuwa 225, ta Togo 228, ta Gana 233, ta Nijeriya 234. Ku ajiye rana ɗaya a mako, kamar Juma'a bayan masallaci, ta zama ranar kira. Hankalin iyaye ya kwanta, kuɗi kuma ya tsaya a aljihu.

Ɗan bida ba hira ta kai shi ba. Hatsi ya je nema, da tufafin yara, da kuɗin aure. Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku kafin ruwan shuka.