Shagon Gwaggo da Littafinsa na Bashi

Da wuya a sami garin da ba shi da wata baiwar Allah da ta yi suna wajen sayar da kayan yara, wadda duk mai jego da mai shirin Sallah ta san ƙofar gidanta. Irin waɗannan mata ba a cika rubuta tarihinsu ba, alhali kuwa da yawanmu a hannunsu aka sayo mana rigar farko da muka sa a duniya. A wannan wata ina so in kawo muku labarin ɗaya daga cikinsu, wato yayar mahaifinmu, wadda muke kira Gwaggo, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ta shafe sama da shekara 20 tana riƙe da ɗan shagon kayan yara a garin Gumel. Wani abin na gani da idona ina yarinya, wani kuma na tattaro shi ne daga bakin mahaifinmu da 'ya'yanta. Abin da ya sa na ɗauko labarin kuwa shi ne batun bashi, domin shi ya raya shagon, shi ya so ya durƙusar da shi, kuma har gobe shi ne ke cinye jarin mata masu sana'a a cikin gidajenmu.

Yadda aka faro

Mijin Gwaggo ya rasu a 1993, ya bar ta da yara biyar. Da ta fita takaba, ƙannenta maza suka taru suka kawo shawarar a raba yaran a tsakaninsu, ita kuma ta koma gidan mahaifinmu da zama. Baba ya ce ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Allah Ya bar zumunci. Amma ku bar mini su, ku dai taya ni da addu'a." Shi kuwa ya ce, "To Yaya, da me za ki riƙe su?" Ta ce da hannunta.

Jarin farko ya fito ne daga raguna biyu da ta yi kiwo, da wasu kwanukan jerenta, da kwasar adashi guda. A 1994 ta sa aka raba zauren gidan biyu, aka kafa katakai, aka ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan. Ta yi sa'ar lokaci. Shekara uku ke nan da ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma ma'aikata 'yan asalin yankin da dama sun baro Kano sun dawo gida da iyalansu. Ga kuma malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel. Bayan su akwai mutanen karkara daga sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Shagon yana da ƙofa biyu. Ta waje tana kallon titi, a nan babban ɗanta yake zama bayan ya taso daga makaranta, yana sallamar magidanta. Ta ciki kuwa tsakar gida take buɗewa, kuma ta nan ne ainihin ciniki yake shigowa. Matan aure ba sa fita kasuwa da rana, don haka sai bayan Magariba za ka ga sun fara sallama, kowace da goyonta da ɗan rakiyarta. A shimfiɗa musu tabarma, a kunna fitilar ƙwai, a baje kaya, su zaɓa a tsanake ba tare da idon maza ba.

Sari da awo

Duk bayan mako biyu ko uku, Gwaggo kan yi sammako ita da ɗanta su hau motar Kano, tafiyar kimanin kilomita 120. A Kantin Kwari take yankar yadi da atamfa da shadda. A kasuwar Sabon Gari take ɗaukar riguna 'yan kanti da takalma da safa da shawul da tawul, dozin dozin. Idan sanyi ya ƙarato kuma sai ta biya Ƙofar Wambai ta tsinto rigunan sanyi na gwanjo. Guntayen yadin da suka rage ba ta zubarwa. Akwai wata maƙwabciyarta mai keken ɗinki da take haɗa mata su su zama 'yan rigunan jarirai masu sauƙin kuɗi, don haka mace biyu ke ci daga sari ɗaya.

Mafi yawan yaran da take sayar wa kaya ba ta taɓa ganinsu ba. Uwa tana ƙauye, sai ta karya kara daidai tsawon tafin ƙafar yaro, ta yanki zare daidai tsawonsa daga kafaɗa zuwa gwiwa, ta ba maigida ranar da zai shigo gari. Gwaggo za ta ɗora karan a kan takalmi, sannan ta ƙara faɗin yatsa ɗaya. Idan mai saye ya ce ya yi yawa, sai ta ce, "Malam, yaro dawa ne a damina, yau ka auna gobe ya wuce ka." Duk kayan da bai yi daidai ba, in dai ba a sa an wanke ba, a dawo da shi ta canza.

Ba ta taɓa cakuɗa gwanjo da sabo a igiya ɗaya ba. In yadi yana zuba, za ta faɗa tun kafin a yi tayi. In riga tana da ɗan aibi a ɗinki, za ta juya ta nuna, ta rage kuɗin. 'Yarta ta biyu, wadda muke kira Yaya, ta ce tun tana jin haushin wannan hali, tana ganin ana korar ciniki, har ta gane cewa shi ne yake dawo da mutane. Ranar Alhamis kuma, ranar kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar, ɗanta kan ɗauki ƙunshi guda ya kai can. Mutumin da ya kawo dabba daga wajen Dungas ko Magarya ya sayar, da wuya ya juya bai riƙo wa 'ya'yansa tsaraba ba.

Sallar kaka da Sallar damina

Duk mai sayar da kayan yara ta san cewa cinikin azumi shi ne cinikin shekara. Amma Gwaggo tana da wani lissafi da ta koya wa 'ya'yanta, wanda na ga ya kamata kowace mai sana'a a ƙasar noma ta riƙe. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, saboda haka Sallah tana zagaya yanayin shekara ne a hankali.

Daga 1998 zuwa 2002 ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a Janairu ko Disamba. Shekarar 2000 ma sau biyu aka yi ta, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Lokacin an gama kaka, gero da wake suna rumbu, an sayar da riɗi da gyaɗa da zoɓo, kuɗi na hannun manomi. Ga hunturu, ga Sallah, sai a sayi kayan Sallah a haɗa da rigar sanyi da hula. Waɗannan shekaru su ne na tasowata, kuma ina tuna yadda a goman ƙarshe na azumi ake tara mu 'ya'yan dangi muna ninke kaya har dare ya raba. A azumin ƙarshen 1999 ne aka fara kawo mata sabuwar takardar naira 100, wadda ta fito a Disambar shekarar, muka yi ta karɓa hannu hannu muna kallo. A cikin waɗannan shekaru ta aurar da 'ya'ya mata biyu, ta kuma sauke farali.

Daga 2011 zuwa 2015 kuwa Sallar ta koma Agusta da Yuli, tsakiyar damina. Rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, ɗan abin da ke hannu ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Amma yaro bai san wannan ba, shi dai ya ga ɗan maƙwabta da sabuwar riga zai tafi kallon hawan Sarki. A irin wannan lokaci uwa ba ta da mafita sai ta zo ta ƙofar ciki, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, a rufa mini asiri zuwa kaka."

Abin da ke cikin littafin

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta yi allo, kuma da ajami take rubutu. Tana da wani dogon littafi mai baƙin bango da take ajiyewa a ƙarƙashin katifa. Duk wadda ta karɓi kaya bashi, a gabanta za a rubuta sunanta da abin da ta ɗauka da lokacin da ta yi alkawari. In wata ta nuna ɓacin rai, ta ce ashe ba a yarda da ita ba, sai Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ba don ke nake rubutawa ba, don mutuwa nake rubutawa." Kuma gaskiyarta ne, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Tana da ƙa'idoji uku. Ba ta ba da sabon bashi a kan tsoho sai an rage. Ba ta aika yaro karɓar kuɗi gidan mutum a gaban kishiya ko baƙi. Sannan ba ta ƙara ko sisi a kan wadda ta jinkirta biya.

Duk da haka, shekarun damina sun jijjiga ta. Kuɗin da ya kamata ya koma Kano sari yana warwatse a gidajen mutane. Da darajar naira ta faɗi a 2016, kayan kanti suka yi tsada, abin da aka biya ta na tsohon bashi bai isa ya sayo rabin abin da ta bayar ba. Igiyoyin shagon suka fara zama fayau. Ta rasu a 2017 bayan gajeriyar jinya.

Da aka zo rabon gado aka buɗe littafin, abubuwa biyu suka bayyana. Na farko, a shafukan baya akwai sunayen da ta ja wa layi ta rubuta "lillahi" a gefe. Kusan dukkansu zawarawa ne masu riƙe da marayu. Kowace Sallah tana ba su kaya da sunan bashi don kada su ji nauyin karɓar sadaka, in sun fita ta soke. Ko 'ya'yanta ba su sani ba.

Na biyu shi ne mai ciwo. Manyan basussukan da suka daɗe ba na matan karkara ba ne. Na dangi ne da ƙawaye da matan masu albashi, waɗanda ake jin kunyar tambaya. Da aka yi sanarwa wajen zaman makoki cewa duk wanda ya san akwai bashi tsakaninsa da marigayiya ya yi magana, wata dattijuwa daga wani ƙauyen Sule Tankarkar ta zo da kaza biyu da kwanon riɗi, ta ce kuɗin takalmin jikanta ne. Da aka duba, sunanta yana cikin waɗanda aka soke. Aka gaya mata, ta ce ita dai ta riga ta ɗauko, a karɓa a yi wa Hajiya sadaka. Amma wasu da suke iya biya a rana ɗaya, har aka gama rabo ba su ce uffan ba.

Kira ga mai saye da mai sayarwa

Yau Yaya ce ta gaji sana'ar. An mayar da shagon zaure kamar da, ita kuma a ɗakinta take ajiye kaya, tana ɗora hotunansu a WhatsApp, ana turo mata kuɗi ta banki. Ta ga nata jarrabawar, musamman rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar a 2023, lokutan da cinikin Maigatari ya yi sanyi. Amma ta ce duk cikinsu babu mai karya gwiwa kamar saƙon nan na "turo mini, zan ba ki ƙarshen wata."

'Yar uwa mai sayarwa, ki raba uwar kuɗi da riba, kada cefane ya ci jari. Ki rubuta kowane bashi a gaban mai shi, ko da ƙanwarki ce ciki ɗaya. Ki dubi watan da Sallah za ta faɗo kafin ki yanke yawan sarin da za ki yi da yawan bashin da za ki iya ɗauka. Abin da kika yi niyyar bayarwa don Allah, ki ware shi daban tun farko, ki bayar da zuciya ɗaya. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali wajen saye da sayarwa da neman bashinsa.

Ke kuma uwargida mai saye, ki sani cewa rigar da ɗanki ya yi ado da ita ranar idi, in ba ki biya ba, jarin wata ne yake yawo da shi, wataƙila ma abincin marayu. Hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. In babu, ki je da ƙafarki ki faɗa, ki rage ko kaɗan ne. In akwai, kada ki bari kunyar da ake ji miki ta zama hanyar cin haƙƙi. Kuma ba dole ne yaro ya yi kala uku ba. Kala ɗaya da aka biya ta fi akwati guda na bashi albarka. Wadda kuma ta san akwai sunanta a littafin wata da ta riga mu gidan gaskiya, ta nemi magadanta tun da sauran numfashi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sha wahala a kanmu, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya raba mu da nauyin bashi duniya da lahira, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.