Tsugunno da tashi: a hankali za ki sauka ko da sauri?

Uwargida, ki ƙirga sau nawa kika tsuguna tun asubar yau. Kin hura wuta, kin ɗauko yaro daga tabarma, kin yi wanke-wanke, kin ɗaga bokitin ruwa. Matan Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, ba sai an koya mana tsugunno ba. Amma ki lura da yadda yawancinmu muke yin sa: mu saki jiki mu faɗa ƙasa, in za mu tashi kuma sai mun dafa gwiwa mun ce wash.

Sannan ki dubi iyayenmu da suka koma yin salla a kan kujera. Wasu ciwon gaɓoɓi ne ya kai su can. Wasu kuma ƙarfin cinya ne ya yi ta zarewa har tashi daga sujada ya gagara. An kiyasta cewa daga shekara 30 tsokar jikin mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, kuma abin ya fi sauri bayan shekara 60. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce kowane baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Aikin gida yana gajiyarwa, gaskiya ne, sai dai gajiya daban, ƙaruwar ƙarfi daban.

A wajen masu ɗaga ƙarfe, tsugunno da tashi yana cikin manyan atisaye, kuma ba nauyi kaɗai suke dubawa ba. Suna duba saurin motsin. Za ki ga an rubuta 3-1-1. Ma'anarsa daƙiƙa 3 kina sauka, daƙiƙa 1 kina tsaye cak a ƙasa, daƙiƙa 1 ki miƙe.

Me wannan ƙidaya take canjawa? Idan kika sauka da sauri kika taso nan take, tsoka da jijiyoyi suna yin kamar robar gwafa: an ja su, sun dawo da ke sama. Wannan taimakon yana sa ki yi da yawa, ko ki ɗaga abin da ya fi nauyi. Da zarar kin tsaya a ƙasa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, yawancin taimakon ya tafi, cinya da ɗuwawu ne za su ɗaga ki da ƙarfin kansu. Don haka kada ki karaya idan da kina yin 20 da sauri, yau kin gwada a hankali kin tsaya a 9. Aikin ne ya ƙaru.

Saukar kanta aiki ce. Lokacin da kike sauka a hankali, tsokar gaban cinya tana riƙe nauyinki kamar birki. Birkin nan ne yake hana tsohuwa faɗawa kan kujera, shi ne yake riƙe ki idan kina saukowa daga a daidaita sahu da goyo a baya. Shi ne kuma yake kawo tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ga wadda ta fara sabo, kuma tsamin yana raguwa idan jiki ya saba.

To, ke nan duk wadda ta fi nawa ta fi riba? A'a. A 2015 wani mai bincike ɗan Amurka, Brad Schoenfeld, da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan wannan. Sun ga cewa daga rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 8 a kowane zagaye, girman tsoka kusan ɗaya ne muddin an yi har tsokar ta gaji, kuma akwai alamar cewa jan abin ya wuce daƙiƙa 10 ya fi ƙarancin amfani. A ganina amfanin saukar hankali ga mace mai farawa yana wani wuri: tana ba ki damar ganin kuskurenki. Gwiwa ta karkato ciki? Diddige ya ɗaga? Baya ya lanƙwashe? Mai sauri ba ta ankara da ko ɗaya.

Tashi kuwa ba ya son nawa. Da girma, iya yunƙurin gaggawa yana riga ƙarfi guduwa, kuma shi ake buƙata idan an yi tuntuɓe ko yaro ya nufi murhu. Ki sauka da natsuwa, ki miƙe da azama, ba tare da tsalle ba.

Ba sai kin je Filin Wasa na Giginya ba. Ki jingina kujera mai ƙarfi da bango, ki tsaya gabanta, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. Ki tura ɗuwawu baya kina ƙirga uku har ki taɓa kujerar, kada ki zauna, ki ƙirga ɗaya, ki miƙe kina fitar da numfashi. Sau 8 zuwa 10, ki huta minti ɗaya ko biyu, ki sake. Idan ya zama wasa, ki rungumi galan mai lita 5 a ƙirji. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ma'ana jarka mai lita 25 ba ta mai farawa ba ce, duk da na san kina cicciɓar ta kullum. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura maki 40, ki yi bayan asuba, ki ajiye ruwan sha kusa.

Mai hawan jini kada ta riƙe numfashi. Mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, ta jira duba na mako 6 ta tambayi likita ko nas. Idan fitsari yana kufce miki lokacin yunƙuri, ko kina jin nauyi a mara kamar wani abu zai sauko, ki dakata ki faɗa a asibiti, ba abin kunya ba ne. Haka idan gwiwa tana suka ko ta kumbura: akwai masu gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ga wani gwaji da ma'aikatan lafiya ke yi wa dattawa, kina iya yi wa Inna ko kanki. A zauna a kujera marar hannu, a harɗe hannaye a ƙirji, a ƙirga sau nawa za a tashi a zauna cikin daƙiƙa 30. Ga mace mai shekara 60 zuwa 64, ƙasa da sau 12 alama ce ta raunin ƙafa da haɗarin faɗuwa. Ki tsaya kusa da ita yayin da take yi. Ki rubuta adadin a wayarki da kwanan wata, ku sake gwadawa bayan wata biyu.