Iskar Da Ke Tona Asirin Masu Gwajin Makaman Ƙare-Dangi

Ranar 9 ga watan Oktoba na 2006, na'urorin auna girgizar ƙasa a sassa daban-daban na duniya suka ji motsi a arewa maso gabashin Koriya ta Arewa. Hukumomin ƙasar suka ba da sanarwa cewa bom ɗin nukiliya suka gwada. To, amma da yake motsin bai yi ƙarfi ba, waɗansu masana sun yi zaton ko nakiya ce zalla aka tara aka tayar domin a ruɗi duniya. Ana cikin wannan gardama, bayan kamar mako biyu, sai wata tasha a garin Yellowknife na arewacin Kanada, nisan kilomita fiye da 7,000, ta shaƙo wata iska da ake kira zenon. Da aka bi sawun yadda iska ta kaɗa a waɗannan kwanaki, sai aka ga lissafin ya dace da Koriya.

Mai karatu zai so ya san abin da ya ba wannan iska irin wannan daraja. Tun bayan yarjejeniyar 1963, wadda ta hana gwaji a sararin sama da cikin ruwa, akasarin masu gwaji suka koma haƙa rami mai zurfi. A nan ƙura da burbushin bom sukan maƙale cikin duwatsu. Ita kuwa zenon, wadda ke samuwa idan ƙwayar yuraniyam ko fulutoniyam ta tsage, ba ta cuɗanya da kome, ba ta manne wa dutse. Saboda haka takan silale ta tsaguwar ƙasa ta fito fili. Wato girgiza tana nuna an yi fashewa, zenon kuwa ita ce mai shaidar cewa ta nukiliya ce.

Iri huɗu ake farauta, kowanne da lambarsa da tsawon ransa. Zenon 135 rabinta kan rikiɗe cikin sa'a 9, 133m cikin kwana 2, 133 cikin kwana 5, 131m kuwa sai wajen kwana 12. Ta hanyar gwada yawan wannan da na wancan ne akan ƙiyasta lokacin da aka yi fashewar. Hukumar da ke lura da yarjejeniyar hana gwaji baki ɗaya ta 1996, mai hedkwata a Biyana ta ƙasar Ostiriya, an tsara mata tashoshi 80 na binciken iska, 40 daga ciki da na'urar kama zenon. Na'urar takan zuƙi iska ta bi da ita ta cikin gawayi na musamman, ta tace zenon ɗin, ta auna, a aika da sakamakon Biyana.

Sai dai aikin ba ya rasa cikas. A gwajin Koriya na 2009 tashoshin ba su kama kome ba. A na 12 ga Fabrairu 2013 kuwa, sai da aka yi kwana 55 kafin tashar Takasaki ta Japan ta ji ɗuriyar zenon. Bugu da ƙari, masana'antun da ke haɗa sinadaran nukiliya na binciken cututtuka a asibiti, irin ta Fleurus a Beljiyam, su ma suna sakin wannan iska, haka nan hatsarin Fukushima na 2011 ya baza ta a arewacin duniya. Kuskure kaɗan wajen rarrabewa na iya sa a tuhumi wanda bai ji ba bai gani ba, ko mai laifi ya sulale.

Har yanzu yarjejeniyar 1996 ba ta fara aiki a hukumance ba, domin waɗansu ƙasashe, ciki har da Amurka da Sin, ba su tabbatar da ita ba. Duk da haka tashoshin suna nan suna shaƙar iska dare da rana, kuma duk mai niyyar gwaji a ɓoye ya san ramin ƙarya ƙurarre ne.