Shin maganin da ake zuba wa tankin mota yana wanke inji?

A shagunan sayar da baƙin mai da kayan gyaran mota a Daura, kamar sauran garuruwan arewacin Najeriya, ba a rasa wasu 'yan kwalabe da ake cewa idan aka juye su a tanki suna wanke inji, su kuma magance matsalar nan da kanikawa ke kira misin.

Batun ya ƙara jan hankali tun bayan da shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023. Motar da ke misin tana shan mai fiye da ƙima, kuma ga direban hayar da ke jigila tsakanin Daura da Kano ko Katsina, ko mai kai 'yan kasuwa Mai'adua ranar Lahadi, wannan asara ce da yake gani a aljihunsa kowace yamma.

Maganin kan yi aiki, amma fa a inda fetur ke iya kaiwa kawai, kuma a kan dalili ɗaya daga cikin dalilai da dama da ke haddasa misin.

Yadda datti ke taruwa

Kowace silinda ta inji tana da ƙananan ƙofofi da ake kira bawul. Wasu na buɗewa iska ta shiga, wasu kuma na buɗewa hayaƙi ya fita ta salansa.

A bayan bawul ɗin shigar iska ne wani baƙin datti mai kama da gawayi ke taruwa sannu a hankali. Yana samuwa ne daga ragowar fetur, da tururin baƙin mai da injin ke mayarwa cikin bututun iska domin ya ƙone, da kuma man da ke zurarowa idan robar da ke wuyan bawul ta tsufa. Zafin inji ne ke gasa su har su daskare.

Idan dattin ya yi kauri sai ya rage hanyar iska. Yakan kuma tsotse fetur kamar soso, musamman da sanyin safiyar hunturu, ta yadda abin da ke isa cikin silinda ba ya isa ya kama wuta. Wannan ne ke sa mota karkarwa idan tana silo, ko ta yi nauyi idan an taka totur. In abin ya yi tsanani, bawul ɗin ba ya ma rufuwa ruf.

Haka nan ramukan nozul, wato na'urar da ke fesa fetur, ƙanana ne ƙwarai, datti kaɗan ya isa ya ɓata feshinsu.

Abin da ke cikin kwalbar

Maganin kirki yana ɗauke da sinadarin wanki wanda ke narkewa cikin fetur. Wanda ya fi suna shi ne PEA, domin yana jure zafi, yana kuma ɓamɓare dattin kaɗan-kaɗan har ya ƙone ya fice tare da hayaƙi.

Ba sabon abu ba ne. Tun shekarar 1995 hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta sanya sinadarin wanki a duk fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar. A 2004 kuma kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota suka fito da wani ma'auni mai suna Top Tier, bisa hujjar cewa adadin da gwamnati ta gindaya ya yi kaɗan.

Wani gwaji da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta wallafa a 2016, ya nuna cewa fetur ɗin da bai kai wannan ma'auni ba ya bar dattin da ya ninka na wanda ya kai har sau 19, bayan aikin inji kwatankwacin tafiyar mil 4,000.

To sai dai ba duk kwalbar da ke kan kanta ce ke da wannan sinadari ba. Wasu an yi su ne domin ƙara wa fetur ƙarfi, wasu kuma na zubawa ne a baƙin mai, ba a tanki ba. Ga kuma jabu, wanda ba baƙo ba ne a kasuwar kayan mota.

Inji suna suka tara

A nan ne akasarin masu motoci ke yin tuntuɓe.

Tsoffin motocin da suka cika tashoshin Daura, irin su Golf 3 da Peugeot 406 da tsoffin Corolla da Camry, nozul ɗinsu yana fesa fetur ne a bayan bawul. Don haka duk abin da aka gauraya da fetur ɗin zai wanke bawul ɗin kafin ya shiga silinda. Ga irin waɗannan motoci, maganin na iya yin amfani.

Amma a 1996 kamfanin Mitsubishi na Japan ya fara sayar da motoci masu inji samfurin GDI, wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Daga baya wasu suka bi sahu: Volkswagen da injinansa masu alamar FSI da TSI, Hyundai Sonata ƙirar 2011, da Honda Accord mai silinda huɗu ƙirar 2013. Irin waɗannan motoci tuni suka shigo Najeriya a matsayin na hannu.

A irin wannan inji fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Ko kwalba goma aka juye a tanki, iyakacinta ta wanke nozul. Dattin bawul yana nan daram.

Sai an kwance bututun iska an kankare shi da hannu, ko a fesa masa niƙaƙƙen ɓawon wani 'ya'yan itace mai tauri da iska mai ƙarfi, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Toyota kuwa ya kauce wa matsalar ne ta hanyar sanya nozul biyu ga kowace silinda a wasu injinansa, ɗaya a ciki, ɗaya a bayan bawul.

Misin ba cuta ɗaya ba ce

Kafin silinda ta yi aiki tana buƙatar iska, da fetur, da tartsatsin wuta, da kuma matsi. Da zarar ɗaya ya gaza, an samu misin. Sau da yawa laifin na fulogi ne ko koyil, wani lokaci kuma famfon mai ne ya raunana, ko wani tiyo ya fashe iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da maganin tanki ke gyarawa.

A masarautar Daura akwai ƙarin wasu dalilai biyu.

Na farko shi ne ƙura. Yankin yana bakin iyakar Nijar, kuma da rani iskar da ke kaɗawa cike take da rairayi. Idan matacin iska ya yage, ko aka yi ta kakkaɓe shi maimakon a sauya, rairayin ne ke cinye zoben fistin. Daga nan injin zai fara shan baƙin mai, salansa ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, dattin kuma ya dawo ko da an wanke shi jiya.

Na biyu shi ne ingancin fetur ɗin kansa. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya shafi wurare irin su Kwangwalam, ya kuma tura jama'a da dama wajen 'yan bumburutu. Man da ya daɗe a jarka ko a tsohuwar ganga yakan kwaso ruwa da tsatsa.

Shi ma na gidan mai ba koyaushe yake tsira ba. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amince cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, lamarin da ya jawo dogayen layuka a manyan biranen ƙasar. Wanda ya sha gurɓataccen mai, abin da ke gabansa shi ne ya zuƙe tankin ya sauya matacin mai.

Kafin a sayi kwalba

Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da wajen jona na'urar gwaji, wadda kanikawa ke kira kwamfuta. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, yayin da P0300 ke nuna cewa matsalar na yawo ne tsakanin silindu.

Ƙwararren makanike kan cire koyil ɗin silindar da ake zargi ya mayar da shi wata. Idan misin ɗin ya bi shi, an kama ɓarawo. Idan bai bi shi ba, sai a duba fulogi da nozul, sannan a auna matsin injin.

Idan kuma fitilar inji da ke gaban direba ta fara ƙiftawa, bai kamata a ci gaba da tafiya ana jiran magani ya yi aiki ba. Ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin salansa, inda zai ƙona matacin hayaƙin nan da kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na fulogi sau da yawa.

Inda gwaji ya nuna datti ne kawai, kuma injin mai fesa fetur ne a bayan bawul, ana juye maganin ne kafin a sha mai domin su gaurayu, daidai da yawan litar da aka rubuta a jikin kwalbar. Ba ya aiki nan take, sai man tankin ya ƙare, kuma doguwar tafiya irin ta Daura zuwa Kano ta fi taimaka masa a kan zirga-zirgar cikin gari. Zai fi kyau a yi hakan gab da lokacin juyen baƙin mai, domin wani ɓangare na sinadarin kan sulale ya gauraya da shi.